Jinin Baƙo a Jikin Baban Hadiza

Da sunan Allah mai ba da lafiya, mai karɓar abinsa a lokacin da ya so.

Sunana Rakiya. A Zongon Kwatano aka haife ni, a nan na yi aure, gwanjo nake sayarwa a kasuwar Misebo. Ban daɗe da fita takaba ba, amma har yanzu mata suna tare ni a hanya, a gaisa, a yi mini ta'aziyya, sannan a rage murya a tambaye ni wai me ya haɗa ni da yayan mijina har aka jiyo muryata daga bakin titi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, don mai majinyaci a gida ya karanta ya kiyaye. Idan kun ji zafi a maganata ku yi haƙuri, ban huce ba tukuna.

Mijina mutumin Gaya ne, direban babbar mota, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ya yi arewa da su. Ban kira sunansa ba yana da rai, ba zan fara yanzu ba. Baban Hadiza nake ce masa. Mutum ne mai shiru-shiru, mai yawan ibada, irin wanda zai faka mota a gefen hanya ya shimfiɗa darduma ko da masu kaya suna ta kiransa a waya. Yayansa, Yaya Mamman, dillalin motoci ne. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi Kwatano, shi ya nema masa aurena. A gidanmu idan Yaya ya yi magana an gama.

Ciwon ya fara ne da jini a bayan gida. Bai faɗa mini ba, a wajen wanki na gani. Da na tambaye shi sai ya ce basir ne, wane direba ne ba shi da basir? Kowa ma haka ya ce. Aka hana shi barkono. Aka kawo jiƙo a jarka, aka kawo gari a ƙulle, aka sayo na masu lasifika a tasha, wanda suke cewa yana maganin cuta arba'in har da wadda ba ta zo ba tukuna. Ya sha mai ɗaci, ya sha mai bauri, ya zauna a ruwan zafi. Ni kuwa ina kallon wandonsa yana yi masa yawa, tafin hannunsa yana fari. Duk lokacin da na ce mu je asibiti sai ya ce bari ya dawo daga wannan tafiyar. Daga ƙarshe abokan aikinsa ne suka dawo da shi daga Paraku a bayan wata mota, ya faɗi yana ƙoƙarin hawa tasa.

Wanda bai yi jinya a babban asibitin garin nan ba, kada ya ce ya san layi. Ka bi layi don a ba ka lamba, ka bi wani don ka biya, ka koma na farko a ce maka likita ya tashi. A rubuta maka gwaji a wannan gini, ka je a ce na'urar ta lalace, sai dai wani wuri a can unguwar Sant Rita. Ka ɗora mutumin da ba ya iya zama a bayan zem, wato acaɓa, kai ma ka hau wani kana bin su kana ce wa mai tuƙin ya bi a hankali, shi kuwa kamar ana korarsa. Na yi makarantar boko kaɗan, ina jin Faransanci, ina jin Fon, yaren garin. Da ban ji ba, ban san yadda za mu yi ba, domin Faransancin Baban Hadiza bai wuce na gaisuwa da na 'yan sandan hanya ba. Ni ce bakinsa, ni ce kunnensa. Makonni muka yi muna wannan zarya kafin wani likita ya kalle ni ya ce ƙari ne a hanji, kuma ba mai kyau ba ne. Ciwon daji ke nan. A tsakar gidan asibitin na zauna a kan dakali na yi kukana, na wanke fuska, sannan na koma na faɗa masa. Ya ce, "To, Allah ya sa kaffara ne."

Aka yi masa aiki. Aka fara ƙarin ruwan nan da suke kira shimiyo, mai sa amai da zubar gashi. Ba zan tsaya lissafin abin da ya tafi ba. Ya isa in ce rumfata da take cike har rufi ta koma ana ganin bango, kuma 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini yanzu suna kunnen wata. Yaya ya yi nasa ƙoƙarin, ba zan ci amanarsa ba, sau da yawa shi ke zuwa farmasi. Akwai kuma wata malamar asibiti mai gajeren gashi da take ajiye mana kujera kusa da taga saboda warin ɗakin na tayar masa da zuciya. Ban san sunanta ba, Allah ya san shi, ya saka mata.

Mun samu 'yan watanni na sauƙi, har ya fara zancen komawa tuƙi. Sai idanunsa suka fara sauya launi, cikinsa ya yi tauri ta dama. Aka sake hoto. Likitan ya ce ciwon ya taɓa hanta, kuma maganin da suke da shi ya yi iya yinsa. Sannan ya ce akwai wata likita a bene na sama da ke wani bincike, mu je mu gan ta.

Mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan murmushi, amma ita ce likita ta farko da ta ja kujera ta zauna daidai da mu. Ta ce akwai sabon magani da ake gwadawa, ba a sayar da shi a ko'ina tukuna. Wanda aka ɗauka ba zai biya komai ba. Abin da ake so daga gare shi shi ne duk zuwa a ɗebi jininsa a 'yar kwalba, a duba yadda maganin ke faɗa da ciwon, don a san ko zai amfani na baya. Suna kuma son ɗan jinin masu lafiya daga cikin dangi don a kwatanta. Maganar da ta yi ta zauna mini har yau: "Madam, ban yi miki alkawarin warkewa ba. Na yi miki alkawarin gwadawa." Gurbi kaɗan ne, kuma ƙarshen wata za a rufe ɗauka. Sharaɗi biyu ta gindaya: ranar da za mu dawo jininsa ya zama ya hau, jikinsa kuma babu zazzaɓi, babu wani gyambo. A yadda yake a ranar, jinin ya yi ƙasa da yawa, sai an ƙara masa.

Na juya na fassara wa Baban Hadiza. Ya tambaye ta ta bakina ko maganin zai hana shi sallah. Ta ce a'a. Ya ce ya yarda. A nan take na miƙa hannuna aka ɗebi nawa, ko cikin cokali biyu bai kai ba. Na sauko daga benen nan ina jin ƙafata ba nauyi, rabon da in ji haka tun kafin Paraku.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Ban san wa ya kai shi ba, Zongo ba ta rasa mai kai labari. Amma yadda ya iso daban: wai Turawa ne ke sayen jinin baƙar fata. Wata ta ce ai bokayen garin nan ake kai wa. Goggon mijina, da ta zo dubiya daga Gaya ta ƙi komawa, ta ce ita dai ba ta taɓa jin magani kyauta ba sai da wata a ƙasa. Mutanen da suka cika ɗakina da jiƙo ba tare da na tambaye su me ke ciki ba, su ne yau suka zama masu binciken magani. Na ce a kawo mini wani maganin in akwai. Babu mai shi, sai dai a ce in yi hattara.

Ga kuma maganar ƙarin jini. Wurin ajiyar jini suka ce ba za su fitar da leda ba sai mun kawo mutanen da za su bayar. Na je gidan liman na roƙe shi. Allah ya ƙara masa daraja, bai ja ni da nisa ba. Ya ce ba da jini don ceton rai sadaka ce, karɓarsa kuma halal ne, kuma ya faɗa bayan sallar Juma'a. Masallacin da ake sallah har kan kwalta, zem ba ya samun hanya. Washegari na tafi wurin da sassafe da ledar lemo da burodi, ina tsoron kada su kasa. Na yi ta kallon ƙofa. Direbobi biyu abokansa suka zo. Ƙanena ya zo. Maƙwabciyar rumfata, Maman Sena, Bafoniya ce, ko sallah ba ta yi, ta rufe rumfarta ta zo tana ce mini, "Rakiya, ina ne ake soka allurar? Ni fa ina da ciniki." Sauran Zongo kuwa, wannan yana da tansiyo, wato hawan jini, wancan matarsa ta hana, wani kuma ya ce jininsa bai da yawa, alhali wuyansa ya fi cinyata. Burodin nan da shi na koma gida.

Yaya Mamman ya zo, shi ne na ƙarshe. Ya shigo yana kallon masu layi ɗaya bayan ɗaya: samarin unguwar Plakoji masu warin kifi, masu zem da rigunansu ruwan ɗorawa, wani da tsage-tsagen tsafi a ƙirji. Ya ce da ni, "Su waɗannan fa?" Na ce su ma nasu majinyatan suka zo wa. Ya gyaɗa kai. Yaya mutum ne da ko allurar zazzaɓi ba ya yarda a yi masa, amma ya naɗe hannun riga ya kwanta, ya kau da fuska yana salati. Da ya tashi ya ce, "Nono ɗaya muka sha da yaron nan. Jinina ya shiga jikinsa, ba komai." A ranar na ji ina girmama shi fiye da kullum.

Aka kwantar da Baban Hadiza aka rataya leda. Muna zaune ni da Yaya muna kallon jinin yana ɗiga. Malamar asibiti ta shigo duba allura, sai Yaya ya nuna ledar ya ce in tambaye ta ko wannan ce tasa. Na tambaya. Ta yi dariya ta ce a'a, ba haka ake yi ba. Wanda muka bayar yana can ana gwada shi, wataƙila ma ya tafi wurin wata mai haihuwa. Wannan na wani ne da ya dace da nasa. Mu biyan bashi kawai muka yi.

Ni ma a ranar na fara jin haka. Babu wanda ya faɗa mana a wurin ajiyar jinin, kuma wannan ina riƙe da shi a kansu. Maganar da ba za ta ɗauke su minti ɗaya ba ce. Na fassara kamar yadda ta faɗa. Yaya ya ce, "Na wane ne?" Ta ce ba a faɗa, ita ma ba ta sani ba. Ya ce, "Musulmi ne?" Ta ɗaga kafaɗa ta fita. Na kalli Baban Hadiza, idonsa na kan ledar. Na ce, "Liman fa ya ce halal ne." Yaya ya kau da kai.

Jinin ya karɓe shi, wannan kam kowa ya gani. Leɓɓansa suka yi ja. Ya ci tuwo da miyar kuka ya nemi ƙari. Ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin layinmu. Amma a gida zancen bai mutu ba. Goggo tana tankaɗe tana cewa wa ya sani ko na mashayin giyar sodabi ne, ko na mai cin alade. Masu zuwa dubiya su ce, "Kai, ka yi kyau," sannan a waje su ce ai halin mutum a jininsa yake, a sa ido a gani. Na yi faɗa har na gaji. Na ce musu saura kwana kaɗan mu koma wurin likita, don Allah a bar mini mutumin nan ya huta.

Ana saura 'yan kwanaki aka kira ni cewa dilar gwanjon da na daɗe ina jira ta iso. Dole in je, ba mu da abin cefane. Na ba shi magani, na bar shi yana lazimi, na ce wa Goggo kada a ba shi komai sai abin da na ajiye. Na dawo bayan la'asar. Tun daga ƙofa na ga takalman da ban sani ba. A tsakar gida na tarar da wani wanzami yana goge askarsa, ƙahoninsa jere a kan tabarma. Gefensa gwangwani da yashi a ciki, da gudajin jini. Baban Hadiza yana kwance rub da ciki, bayansa duk tsaga, tun daga kafaɗa har ƙugu. Yaya na zaune a kan benci, carbi a hannu.

Wanzamin ya ɗago gwangwanin yana murmushi ya ce, "Hajiya, dubi baƙinsa. Wannan ba nasa ba ne. Baƙon jinin duk na zuƙe shi, sai nasa na gado ya rage."

Abin da na faɗa a ranar, rabinsa ba na tunawa, rabin da nake tunawa kuma ba zai rubutu ba. Na san na shure gwangwanin. Na san na tsaya a gaban Yaya Mamman, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ce masa, "Jinin da na bi gida-gida na roƙa, shi ka zubar a yashi? Cokali biyu likita ta nema kuka ce za a sayar, yau ga gwangwani kun cika kun biya lada a kai." Na ce idan ƙaninsa ya mutu shi ya kashe shi. Maƙwabta suka cika ƙofa. Yaya bai ɗago kai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji, Rakiya." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Tsagar ba ta daina zubar da jini ba. Mai lafiya idan an yi masa ƙaho kafin magariba ta bushe, amma shimiyo ya riga ya raunana jikinsa. Na canza zane, na sake canzawa. Kwana biyu a tsakani zazzaɓi ya rufe shi, wuraren suka kumbura suka fara ruwa. Na sayo maganin da zan iya, na gasa, na shafa, na yi addu'a. Ranar randebu, ranar komawa asibiti, na sa masa riga mai kauri, kamar riga za ta ɓoye wa likita wani abu.

Likitar ta taɓa goshinsa. Ta ce ya juya, ta ɗaga rigar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire tabaraunta ta ce, "Wa ya yi wannan?" Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Aka gwada jinin, ya koma ƙasa da inda muka fara. Na durƙusa a ɗakin nan, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena da mijina. Na ce ta ba mu mako biyu. Ta ce ba ita kaɗai ke yanke ranar ba, kuma akwai wasu a layi. Na ce to ta sa masa hakanan, mun yarda. Ta ce, "Idan na sa masa maganin nan da wannan gyambon a bayansa, ni zan kashe shi, ba ciwon ba." Ta rubuta mana maganin gyambon, ta kira wani ya taimaka mana zuwa ƙasa. Kafin bayan nasa ya warke an rufe ɗauka.

Ban san ko maganin zai yi masa aiki ba. Ita kanta likitar ta ce wasu ya taimake su, wasu bai yi ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ƙofa ɗaya ce ta rage mana a duk garin nan, kuma da hannunmu muka rufe ta. Wannan ne ke ci na.

Daga nan na ɗaura gaba da Yaya. Kullum yana zuwa bayan azahar, ya yi sallama, in amsa iya abin da addini ya wajabta, in shige ɗaki. Ya shiga ya ga ƙaninsa, ya fito ya zauna a bencin nan. Ya kawo fura, in ba yara. Ya biya farmasi, ban ce an gode ba. Duk wadda ta tambaye ni a kasuwa ko a gidan suna, na faɗa mata abin da ya yi, ban rage ba. Har abokan cinikinsa suka ji. Goggo ta tattara ta koma Gaya. Ni kuwa duk ƙarfina na mayar kan Baban Hadiza. Ina juya shi, ina wanke shi, ina ba shi kunu cokali-cokali, ina cewa a raina an cuce shi, bawan Allah, yana kwance aka yi masa abin da bai iya hanawa.

Wata rana da yamma ina shafa masa man kaɗanya a baya, a kan tabon nan da suka yi layi-layi. Ya rame har ina jin ƙashinsa a tafina. Fuskarsa na kallon bango ya ce, "Rakiya, ki daina gaba da Yaya."

Na ce, "Ka bar wannan zancen."

Ya ce, "Ni na ce ya kira wanzamin. Ya ƙi. Ya ce in bari a gama da likita tukuna. Na ce idan bai kira ba zan fita da ƙafata in nemo. Ni na zaɓi ranar da za ki kasuwa."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Saboda me? Ba ka ji abin da liman ya ce ba?"

Ya ce, "Na ji. Kaina ya yarda, zuciyata ta ƙi. Idan na yi sujada sai in ji kamar ni da wani muke yi. Ban san ko wane ne ba, ban san me ya ci ba, me ya bauta wa. Na kasa barci. Na ji tsoron in mutu da shi a jikina."

Na so in yi ihu. Na so in girgiza shi in ce masa mutumin da kake ƙyama ɗin ya kwanta an soka masa allura don wanda bai sani ba, abin da rabin masallacinku suka kasa. Amma wa zan girgiza? Mutumin da numfashi ma da ƙyar yake yi. Na ci gaba da shafa man, hawaye na ɗiga a bayansa. Ya ce, "Ki yafe mini." Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa a ranar, zuciyar ta ɗauki lokaci.

Bayan kwana biyu ya ce in kai shi wurin likitar nan. Na ce ai an rufe. Ya ce ya sani, yana so ya ji ko har yanzu tana son jinin. Muka ɗauki tasi. Ta ce suna karɓa daga waɗanda ba a ba maganin ba, don kwatantawa, amma ya sani shi ba zai amfana da komai ba. Na fassara. Ya miƙa hannun da ya koma kamar sanda ya ce, "Ki ce mata ta ɗiba. Wani ya ba ni ban gode ba." Da ƙyar aka samu jijiya. Bai yi wata guda bayan nan ba ya rasu, ranar Talata da hantsi, kansa a cinyata.

Ga abin da nake so ku ɗauka. Jini a bayan gida ba kullum ne basir ba, ku je a duba tun mutum yana tafiya da ƙafarsa. Idan za a ƙara wa naku jini, ku zaunar da shi tun kafin a rataya leda, ku faɗa masa ba na ɗan'uwansa ba ne za a sa masa, ku bar shi ya yi tambayoyinsa, ku kai shi wurin malami ya ji da kunnensa. Ni na tsaya faɗa da mutanen waje, ashe maganar tana cikin ɗakina tana cin mijina. Ku ma'aikatan asibiti, ku buɗe baki ku yi wa mutane bayani, ba kowa ne ya san yadda kuke aikinku ba. Wanda ke shan maganin ciwon daji kuma, kada aska ta kusance shi, ko wane ne ya ce. Waɗanda suka ba mu jini, da wanda nasa ya shiga jikin mijina ban san shi ba, Allah ya biya ku.

Ina cikin takaba Yaya bai fasa zuwa ba. Ya kawo cefane ya ajiye a ƙofa, ya tambayi yara, ya juya. Na yi kwanaki ina tattara ƙarfin hali. Wata rana na ji sallamarsa, na matso bayan labule na ce, "Yaya, ya faɗa mini kafin ya rasu."

Ya ajiye cefanen a ƙofa.

Na ce, "Na zage ka a gaban mutane. Na ɓata maka suna a Zongo. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ina jin ƙarar carbinsa ta bayan labulen. Can ya ce, "Ni na kira wanzamin, Rakiya, wannan ba ƙarya kika yi mini ba, kuma da shi zan kwana har in mutu. Sauran kuwa, na duba na ga dole ki yi fushi da wani. Idan da shi kika yi, wa zai juya shi? Wa zai ba shi kunu? Ni ina da ƙafar da zan fita in an zage ni. Shi ba shi da kowa sai hannunki."

Ya ce a gaida yara, ya tafi. Na daɗe a tsaye riƙe da labulen, har shinkafar da na ɗora ta kama.